Wa Zai Yi Wa Gidan Marayu Kuɗi? Magana Ga Mai Son Komawa Sana'ar Ƙiyasi



Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yuni, albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata. Zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukuma. Shi ya sa duk majalisar da ka zauna yanzu sai ka ji malamin makaranta, ko ma'aikacin banki, ko akawun ƙaramar hukuma yana tunanin ajiye aiki ya kama wata sana'a. Da yawa daga cikinsu idonsu a kan harkar gidaje da filaye yake, don kowa ya lura cewa idan naira ta karye, masu kuɗi a ƙasa da gini suke ɓoye dukiyarsu.

A cikin wannan harka akwai sana'a ɗaya da ba a cika zancenta ba, wato ƙiyasta darajar kadara. Ita nake so mu tattauna a yau, kuma bari in faɗi matsayina tun daga farko. Ina goyon bayan mai shekara talatin ko arba'in ya sauya sheƙa zuwa wannan sana'a, domin Arewa tana matuƙar buƙatar masu yin ta da gaskiya. Amma da sharaɗi guda: sai in zai iya kallon wanda ya biya shi, ya faɗa masa adadin da ba ya son ji. Wanda ya san ba zai iya ba, gara ya tsaya a dillanci, ita ma sana'a ce mai mutunci, kuma ta fi saurin kawo kuɗi.

Mu warware zare da abawa tukuna, don mutane suna cakuɗa sana'o'i huɗu wuri guda. Dillali shi ne mai haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada idan ciniki ya faɗa. Safiyo shi ne mai awon fili, ya kafa duwatsun iyaka, ya zana taswira. Akwai mai lissafin kayan gini, wanda zai gaya maka buhun siminti nawa da rodi nawa gini zai ci tun kafin a haƙa tushe. Na huɗun shi ne mai ƙiyasi. Aikinsa ya je ya duba kadara, ya binciki takardunta da kasuwar unguwarta, sannan ya rubuta rahoto ya ce a rana kaza, don manufa kaza, wannan gida darajarsa naira kaza ce, ga kuma hujjata. Ya sa hannu, ya buga hatimi. A kan wannan adadi banki zai ba da rance, kamfanin inshora zai ɗauki alhaki, kotu za ta raba dukiya, gwamnati kuma ta biya diyya.

Dillali yana cin abinci ne idan ciniki ya faɗa, kuma in farashi ya hau, la'adarsa ta hau. Babu laifi a haka, don kowa ya san ɓangaren da yake. Mai ƙiyasi kuwa ana biyansa ne domin kada ya zama ɗan ɓangaren kowa. Wannan tsaka-tsakiyar ita ce hajarsa. Ranar da ya sayar da ita, sauran iliminsa ba shi da sauran amfani ga jama'a.

A Najeriya doka ce ta tsare ƙofar wannan sana'a. A 1969 aka kafa cibiyar ƙwararrun masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu, wadda aka fi sani da NIESV. A 1975 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 24, wadda ta kafa hukumar rajista ta ESVARBON. Ita ke tantance makarantun da ke koyar da fannin, ita ke yi wa mutum rajista ta ba shi hatimi, ita kuma ke da ikon ladabtar da shi. Don haka buɗe ofis da rataya allo ba ya mayar da mutum mai ƙiyasi. Rahoton da babu sa hannun mai rajista a kansa, banki ba zai dogara da shi ba.

To, me ake nufi da darajar kasuwa? Ƙa'idojin ƙiyasi na duniya sun fayyace ta da cewa ita ce kuɗin da ake sa ran kadara za ta sayu a kai a ranar da aka yi ƙiyasin, tsakanin mai son saye da mai son sayarwa, babu alfarma a tsakaninsu, an tallata kadarar yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi, ba kuma wanda aka tilasta wa. Ka dubi waɗannan sharuɗɗa da idon ɗan ƙasar nan. Mutumin da ya karyar da gidansa cikin kwana uku don ya biya kuɗin asibiti ko kuɗin fansa, cinikinsa ba ma'auni ba ne. Wanda ya sayar wa ƙanensa da rangwame, shi ma haka. Attajirin da ya ninka kuɗi don kawai ya haɗe gidan maƙwabcinsa da nasa, shi ma a ajiye shi gefe. Aikin mai ƙiyasi ya tace irin waɗannan, ya tsaya a kan cinikin da aka yi cikin natsuwa.

Hanyoyin aikin da ake koyarwa biyar ne. Ta farko ita ce kwatance: a nemo gidaje makamantan wannan da aka sayar kwanan nan a unguwar, a daidaita bambancin girma da titi da ruwa da ingancin gini. Ta biyu ita ce ta kuɗin shiga, wadda ake yi wa kadarar haya. Ta uku ita ce ta kuɗin gini, ga abin da ba a saba sayarwa a kasuwa ba kamar makaranta ko asibiti: a lissafa abin da sake gina shi zai ci a yau, a cire tsufa da lalacewa, a ƙara darajar filin. Ta huɗu ita ce ta riba, ga irin su otal da gidan mai. Ta biyar ita ce ta saura, ga filin da za a gina: a ƙiyasta darajar ginin idan ya kammala, a cire kuɗin gini da ribar mai ginawa, abin da ya rage shi ne darajar filin.

Ga misali don a ga inda gizo ke saƙa. A ce shago yana kawo hayar naira 1,200,000 a shekara. A cire gyare-gyare da haraji da watannin da zai iya zama babu ɗan haya, a ce naira 200,000. Saura miliyan ɗaya. Idan masu zuba kuɗi a wannan kasuwa suna gamsuwa da ribar kashi 8 cikin ɗari a shekara, darajar shagon naira miliyan 12.5 ce. Idan kuwa sai sun ga kashi 10 suke sa kuɗinsu, darajarsa miliyan 10 ce. Lissafin ɗan sakandare ma zai iya yin sa. Amma zaɓen 8 ko 10, wanda ya jawo bambancin naira miliyan biyu da rabi, a nan ne ake buƙatar sanin kasuwa, a nan ne kuma ake jarraba amana.

Akwai darasin da yake yi wa sababbin shiga wuyar haɗiya, kuma ya fi yi wa masu gidaje ɗaci: kuɗin da aka kashe a gini daban, darajarsa a kasuwa daban. Mutum zai iya narka miliyan sittin ya gina katafaren bene a ƙauyensu, amma ranar sayarwa a rasa mai taya rabin haka, don masu irin wannan kuɗin ba a can suke son zama ba. Wani kuma tsohon gidan ƙasa ne da shi a bakin kasuwa, ginin ba komai ba ne, filin kuwa zinare. Sannan adadi yana tsufa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Duk wanda ya yi wa gidansa inshora da rahoton da aka rubuta shekara biyu kafin nan, in gobara ta tashi, abin da za a ba shi ba zai mayar da ginin ba. Shi ya sa kowane rahoto yake ɗauke da kwanan wata.

Wani abin da mai shiga sana'ar ya kamata ya fahimta tun da wuri shi ne, a ƙasar nan haƙƙin da mutum yake da shi a kan fili ake yi wa kuɗi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa shi ne izinin zama da amfani, wanda takardar C of O ke tabbatarwa, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Saboda haka fuloti biyu masu girma ɗaya, a layi ɗaya, suna iya shan bamban a daraja idan ɗaya awon gwamnati ne mai cikakkun takardu, ɗayan kuma awon igiya ne da ba shi da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya nuna wa kowa, ko wane ɓangare yake goyon baya, cewa asalin fili da yadda aka mallake shi suna cikin lissafin daraja. Mai ƙiyasin da ya auna falo da ɗakuna bai leƙa KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja ya binciki fayil ba, bai gama aikinsa ba.

Yanzu mu zo kan dalilin da ya sa nake cewa Arewa na buƙatar waɗannan mutane. Babban wurin shi ne rabon gado. A ce mutum ya rasu ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, babu iyaye, babu bashi, dukiyar kuma gida guda ce. Babban ɗa yana so ya riƙe gidan ya biya sauran rabonsu. Gidan zai iya sayuwa naira miliyan 56, amma aka kira wasu mutum biyu da suka san babban ɗan, suka yi masa kuɗi miliyan 40. Tumunin matar da ya kamata ya zama miliyan 7 ya koma miliyan 5. Kowace 'ya mace ita ma daga miliyan 7 ta koma 5. Ƙaramin ɗa daga miliyan 14 ya koma 10. In ka haɗa, naira miliyan 12 sun bar hannun bazawara da marayu sun koma aljihun mutum ɗaya. Malamin da ya yi rabon bai kuskure ko kobo ba, lissafinsa daidai ne. Cutar tun a wajen sa kuɗi aka yi ta, inda babu wanda ya sa ido. Muna yawan kula da wanda zai raba gado, ba mu cika tambayar wanda zai yi wa dukiyar kuɗi ba, alhali duk rabon a kan adadinsa zai hau.

Wuri na biyu shi ne diyya. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da mutum ya raya a filin, kamar gini da shuka. Ƙasar ita kanta ba a biyan darajarta ta kasuwa. Ka dubi manyan ayyukan da ke ratsa Arewa: bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Irin waɗannan ayyuka ta gonaki da gidajen talakawa suke wucewa. Manomin da bai san ana ƙirga bishiyar mangwaro da ɗorawa da kuka, da rijiya da rumbu, a cikin diyya ba, abin da aka miƙa masa shi zai karɓa ya yi godiya. Idan yana da mai ƙiyasi da ke wakiltarsa, wanda ya san doka kuma yake jin harshensa, labari yakan sha bamban.

Wuri na uku shi ne banki, kuma a nan matsin ya fi tsanani. Mai neman rance yana so a kumbura darajar gidan da zai jinginar don ya sami kuɗi mai kauri. Jami'in bankin ma wani lokaci yana so a ba da rancen don ya cika adadin da aka ɗora masa. Mai ƙiyasi ne kaɗai a tsakiya da zai ce gidan nan bai kai haka ba, ya kuma rubuta abin da zai iya kawowa in an sayar da shi cikin gaggawa, wato farashin gwanjo. Mun ga yadda ruɓaɓɓen bashi ya yi wa bankunanmu katutu har aka kafa AMCON a 2010 don ta saye shi daga hannunsu, kuma gidaje da filaye na cikin jinginar da ta gada. Duk inda aka kumbura jingina, ranar sayarwa ce ke tona asiri, kuma kuɗin masu ajiya ne ke cikin haɗari.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, kuma abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. Bayan ɗaruruwan ƙananan bankunan ajiya da rancen gidaje sun durƙushe a shekarun 1980, majalisar ƙasar ta yi doka a 1989 da ta wajabta wa jihohi ba masu ƙiyasi lasisi da sa musu ido. Duk da haka, a 2007 babban lauyan gwamnatin jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya maka wani babban kamfanin ƙiyasi a kotu bisa zargin cewa ya bari wani banki yana zaɓen masu ƙiyasin da za su riƙa ba shi adadin da yake so. Shekara guda bayan haka kasuwar gidajen ƙasar ta jefa duniya cikin rikicin tattalin arziki. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ƙara tsaurara haramcin matsa wa mai ƙiyasi lamba. Ƙasar da ke da tarin bayanai da kwamfutoci ma, abin da ya ba ta ruwa shi ne mutumin da ya kasa cewa a'a.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce dillalin da ya shekara ashirin a unguwa ya fi duk wani mai digiri sanin farashin gidajenta. Sau da yawa gaskiya ne. Shi ya san layin da ruwa ke kwanciya da damina, ya san gidan da aka gina a kan cikon kududdufi, ya san filin da ake shari'a a kansa. Mai ƙiyasin da ya raina dillalai zai sha kunya. Amma sanin dillali a kansa yake, ba ya rubuce, ba wanda zai iya bin sawunsa ya tantance, kuma in ya yi son kai babu hukumar da za ta karɓe masa hatimi. Mai ƙiyasi yana ɗauko wannan sani ya auna shi, ya rubuta hujja, ya ɗauki alhakin da za a iya tuhumarsa a kai a gaban alƙali. Dillalin da ya daure ya koma makaranta ya sami rajista kuwa, ya haɗa biyun, da wuya a kama ƙafarsa.

Na biyu zai ce hanyar ta yi tsawo ga magidanci. Wannan ma haka ne, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Digirin fannin kula da kadarori shekara biyar ne a jami'a, ana yin sa a wurare irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da Jami'ar Bayero a Kano. Akwai kuma hanyar ƙaramar difloma da babbar difloma a kwalejoji irin ta Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Za ka karanta dokar ƙasa, da tattalin arziki, da fasahar gini, da tsara birane, da lissafin kuɗi. Bayan takarda sai horo a ƙarƙashin mai rajista, da jarrabawar cibiya mataki-mataki, da ganawa da kwamiti, kafin hatimi ya zo hannunka. Mai iyali zai ji jiki. Sai dai ni ban ga laifin wannan tsawo ba. Mutumin da sa hannunsa zai yanke rabon marayu bai kamata a ƙera shi a kwas na mako shida ba.

Na uku zai tambaya, to ina kuɗin? Kada kowa ya ruɗe ka. Shekarun horo alawus ne ɗan kaɗan. Ko bayan rajista, ofisoshi da yawa da dillanci da karɓar haya da kula da gidajen mutane suke riƙe kansu, aikin ƙiyasi tsantsa yana zuwa ne jefi-jefi. Manyan ayyukan bankuna sun fi zuwa hannun kamfanonin da suka daɗe, waɗanda sunansu ke cikin jerin da bankin ya amince da su. Suna ake ginawa a hankali, shi ne jarin. Wanda ya shigo don ya sayi mota cikin shekara guda, shi ne zai fara faɗawa tarkon kumbura adadi.

A nan ma ina da ƙorafi a kan sana'ar ita kanta. An saba lissafa ladan mai ƙiyasi da kaso na darajar da ya fitar, ma'ana in adadi ya hau, ladansa ya hau. A Amurka ƙa'idar sana'ar ta hana a rataya lada a kan girman adadin. A ganina mu ma can ya kamata mu nufa, a riƙa biya gwargwadon wahalar aiki da lokacin da ya ci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tsarin da ke sa aljihun mai awo ya karkata tare da sikeli yana jarraba mutanen kirki ba gaira ba dalili. Kafin a gyara, sabon shiga ya san da wannan rami a gabansa.

Akwai kuma matsalar bayanai. A ƙasashen da ake rubuta kowane ciniki a rajistar da kowa zai iya dubawa, kwatance abu ne mai sauƙi. A nan mutane suna ɓoye farashi, wasu don tsoron idon jama'a, wasu kuma suna rage adadin a takarda don su rage kuɗin da za su biya hukuma. Ciniki da yawa ba ya ma zuwa ofishin ƙasa. Saboda haka mai ƙiyasi a Kano ko Sakkwato ko Gombe sai ya gina taskarsa da kansa, ta hanyar hulɗa da dillalai da lauyoyi da magina da masu unguwanni, yana tantance kowane labari daga bakin mutum fiye da ɗaya. Aikin ƙafa ne da rana da ƙura, wanda yake son zaman ofis kawai ba zai ji daɗinsa ba.

Duk da waɗannan, ina nan a kan bakana cewa wanda ya sauyo daga wata sana'a yakan zo da guzurin da sabon ɗalibi ba shi da shi. Tsohon ma'aikacin banki ya san yadda ake auna haɗarin rance. Birkila ko injiniya da kallo ɗaya zai gane tsagewar da ta tsaya a filasta da wadda ta taso daga tushe. Akawun kotu ya san yadda ake yi wa shaida tambayoyin ƙure. Malamin makaranta ya iya bayani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rahoton da Turanci ake rubuta shi, magadan da za su rayu da sakamakonsa kuwa da Hausa suke tunani. Wanda zai zauna a zaure ya warware musu dalilin kowane adadi har tsohuwa ta gamsu, ya kashe wutar rigimar da za ta iya raba zumunci shekara da shekaru. Uwa uba, mai shekara arba'in ya riga ya ga rayuwa, ya fi yaro ɗan shekara ashirin da biyar iya tsayawa a gaban Alhaji ya ce masa ranka ya daɗe, gidan bai kai haka ba.

Ke ma 'yar uwa, wannan magana da ke ake yi. A gidajenmu da yawa namiji baƙo iyakarsa zaure, in ma an shigar da shi, a gurguje zai leƙa ya fito. Mace za ta shiga har ƙuryar ɗaki ta ga silin da ke yoyo da bangon da danshi ya ci. Matar mamaci da 'ya'yanta mata kuma sun fi sakin jiki su gaya wa mace 'yar uwarsu abin da suka sani game da dukiyar, da abin da suke tsoro. Su ne aka fi cuta a wajen sa kuɗi, su ne kuma suka fi rashin mai sauraronsu.

Ga shawarata ga wanda zuciyarsa ta karkata. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Riƙe aikinka tukuna. Ka je ofishin reshen NIESV na jiharku da takardunka, a gaya maka matakin da za ka fara da shi gwargwadon abin da ka karanta, ka kuma tabbatar makarantar da za ka shiga ESVARBON ta amince da kwas ɗinta kafin ka biya ko sisi. Ka nemi mai rajista ka roƙi ya riƙa tafiya da kai duba gidaje a ranakun hutu, ko da riƙon tef ɗin awo ne aikinka. Ka karanta dokar 1978 daga farko har ƙarshe, sassanta hamsin ne da 'yan kai. Ka sayi littafi ka fara rubuta duk cinikin gida da fili da hayar da ka tabbatar a unguwarku, da kwanan wata da girma da irin takarda. In ka yi wata shida kana haka ba ka gaji ba, sana'ar ta karɓe ka. Ka kuma tanadi abin da iyali za su ci na tsawon lokacin horo, don yunwa ce babbar mai lanƙwasa alƙalami.

Sannan ka yi wa kanka wannan tambaya, ka amsa tsakaninka da zuciyarka. Surukinka ya zo, yana neman rance don ya ceto kasuwancinsa, ya ce ka ƙara miliyan goma kacal a kan darajar gidansa, ba wanda zai sani, kuma ya yi rantsuwa zai biya bashin. Ka san mutumin kirki ne, ka san yana cikin matsi. Me za ka yi? Amsar da ta dace ma ita ce tun farko ka ƙi karɓar aikin, ka tura shi wajen wani, domin kana da alaƙa da shi. In ka ji a ranka za ka iya jure fushin gida a kan haka, to bismillah, ka shigo, ana buƙatarka a kotuna da ƙauyukan da titi zai ratsa. In kuwa ka ji za ka sa hannu don a zauna lafiya, ka bar hatimin nan ga wani, ka nemi halalinka a wata ƙofar, ƙofofin suna da yawa.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman dillalai da waɗanda suka riga mu sanin wannan harka, fili naku ne. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.